Inda Bature Ya Zama Baƙo

Iyayenmu sun san Baturen Ingila baƙo ne da ba ya rasa tafinta. Duk inda ya sauka akwai mai juya masa magana, akwai mai nuna masa hanya. Amma akwai wata ƙasa, ba ta kuwa da nisa da gidansa, inda shi ne yake tsaye a bakin kanti da kuɗi a hannu, bakinsa ya yi nauyi, yana nuna abin da yake so da yatsa. Wannan ƙasa ita ce karkarar Faransa, can kuwa za mu kai masu karatu a wannan wata.

Ruwa ne kaɗai ya raba Ingila da Faransa, a inda ya fi ƙunci faɗinsa mil 21 ne. Tun 1994 ma akwai hanyar jirgin ƙasa da aka haƙa ta ƙarƙashin tekun. Ofishin ƙididdiga na Faransa ya ce a 2016 mutanen Birtaniya wajen 148,000 ne suke zaune a ƙasar, watau fiye da ninki biyu na yawansu a 1990. Waɗansu suna Paris saboda aikin ofis, ba su ne abin maganarmu ba. Namu su ne waɗanda suka sayar da gidajensu a Ingila, suka kwashi 'ya'ya da karnuka da kujeru, suka nufi ƙauyukan kudu maso yamma, musamman lardin da ake kira Dordogne.

Mun sauka a Bergerac. Filin jirginsa ƙarami ne, amma tun farkon shekarun 2000 jirage masu araha suke ta zirga-zirga tsakaninsa da Ingila. Daga nan muka yi kudu kamar mil 15, ta cikin gonakin inabi da ƙananan tuddai, har muka isa Eymet, wanda mutanensa suke faɗa "Eme". Gari ne na mutum wajen 2,600 a bakin wani ƙaramin kogi. An kafa shi a 1270, titunansa a miƙe, a tsakiya akwai dandali mai kusurwa huɗu wanda rumfunan dutse suka kewaye. Ran Alhamis kasuwa take ci. Ga cuku iri iri, ga naman agwagwa da na dinya, ga zuma, ga burodi dogaye kamar sanda. Ba sai mutum ya daɗe a tsaye ba zai ji Turanci na tashi ta ko'ina, har ya yi zaton ya ɓata hanya. Garin yana da ƙungiyar wasan kurket, wasan da yawancin Faransawa ba su san kansa ba balle gindinsa.

Ashe ba yau Ingilishi suka fara taka ƙasar nan ba. A 1152 magajiyar wannan yanki, Eleanor ta Akwiten, ta auri Henry, wanda ya zama sarkin Ingila bayan shekara biyu. Daga nan yankin ya yi wajen shekara 300 yana ƙarƙashin sarakunan Ingila, ana ta ja-in-ja a kansa. Garin Monpazier da yake gabas, sarkin Ingila Edward na Ɗaya ne ya sa aka gina shi a 1284. Sai a 1453 Faransawa suka fatattake su a yaƙin Castillon, wurin da ba shi da nisa daga Eymet. Da takobi da igwa aka kore su, da takardar banki suka komo.

To, ina masu gidajen suka tafi har baƙo ya samu na saye? A 1851 mutanen Dordogne sun fi 500,000. A 1975 ba su kai 380,000 ba. Da fari wani ƙwaro ya cinye saiwar itatuwan inabi a ƙarshen ƙarni na 19, manoma da yawa suka tsiyace. Sa'an nan yaƙin 1914 zuwa 1918 ya kwashe samari. Ba ƙauyen da za ka shiga ka rasa dutsen tunawa, da sunayen matattu a jere, wani lokaci suna ɗaya sau uku, 'yan gida ɗaya ke nan. Bayan yaƙi na biyu tarakta ta zo, aikin mutum goma ya zama na mutum ɗaya, sauran suka tafi birni. Waɗanda suka rage kuwa sabon gida suke so, mai famfo da ɗumi, ba tsohon gidan kaka mai yoyo ba. A daidai lokacin nan kuɗin gida a Ingila yana ta hawa. Mai ɗan matsatsen gida a gefen Landan ya iske idan ya sayar zai sayi gidan dutse da rumbu da gona a Faransa, har canji ya ragu. A 1989 wani marubuci, Peter Mayle, ya fitar da littafi a kan shekararsa ta fari a wani ƙauyen kudancin Faransa, littafin ya sayu ƙwarai, talabijin kuma ta bi da shirye-shiryen neman gida a ƙetare. Kwaɗayi ya tashi.

Ciniki ba ya ƙarewa sai a gaban wani irin lauya da hukuma ta naɗa, wanda suke kira notaire. Bayan an sa hannu a takardar alkawari ta fari, doka ta ba mai saye kwana 10 ya sake tunani. Haraji da ladan aiki sukan kai kashi 7 ko 8 cikin ɗari na kuɗin tsohon gida. A wannan ofis ne kuma Bature yake fara jin wani abin da bai saba ba. A Ingila mutum yana da iko ya bar dukiyarsa ga kusan duk wanda ya ga dama. A dokar Faransa 'ya'ya suna da rabon da ba a taɓawa: ɗa ɗaya yana da rabi, biyu suna da biyu bisa uku, uku ko fiye suna da uku bisa huɗu. Tun 2015 an yarda baƙo ya rubuta a wasiyya cewa dokar ƙasarsa yake so a bi, amma a 2021 Faransa ta sake ƙara wa 'ya'ya kariya. Ga masu aure na biyu, kowa da 'ya'yansa na fari, wannan magana ba ƙarama ba ce.

Yawancinsu da rani suka fara ganin gidan, rana tana haske, furanni sun rufe bango. Hunturu ne yake faɗa musu gaskiya. Bangon dutse mai kauri da ya ba da sanyi a watan Agusta, a Janairu sai ya zama kamar randa. Rufi yana yoyo. Dole a tanadi itacen wuta tun kafin sanyi, busasshe kuwa, gama ɗanye hayaƙi kawai yake yi. Gidan da yake bayan gari ba a haɗa shi da lambatun hukuma ba, yana da ramin shadda nasa, duba-gari kuma yakan zo ya auna, in bai yi daidai ba a haƙa sabo, kuɗi masu yawa. Daga Satumba zuwa Fabrairu mafarauta suna bin aladen daji da bindiga da karnuka, har kusa da shingen gida. Baƙin rani sun koma, maƙwabta sun rufe tagoginsu na katako tun magariba, ƙauye ya yi tsit. Wata mata da ta yi shekaru a can ta gaya mana cewa ba sanyin ne ya fi damunta a shekarar fari ba, sai dai ta yi kwana uku ba ta yi magana da kowa ba in ba mijinta ba, shi ma yana kan tsani yana gyaran rufi.

Abin da yake buɗe ƙofar ƙauye kuwa ba shi da tsada, gaisuwa ce. A nan Bafaranshen karkara ya fi kusa da mu bisa ga Baturen Landan. In ka shiga kantin burodi ba ka ce "bonjour" ga mai kanti da duk waɗanda ka tarar ba, ka yi rashin kunya, za a sayar maka amma fuska a ɗaure. Suna da "kai" iri biyu, ɗaya na girmamawa, ɗaya na sabo, ba a kuwa tsallakawa daga na fari zuwa na biyu sai babba ya ba da izini. Da tsakar rana, daga sha biyu zuwa biyu, kantunan ƙauye a rufe suke, magini ma ya ajiye cokalinsa ya tafi cin abinci. Baturen da ya saba cin burodi a tsaye yana duban agogo yakan yi fushi da fari. Faransa tana da ƙananan hukumomi wajen 35,000, kowacce da magajin garinta da majalisarta, ko da mutanenta ɗari biyu ne. Mai hankali, ran da ya tare, yakan je ofishin magajin gari ya gabatar da kansa, gama daga can ne izinin fasa bango yake fitowa, da sa yaro makaranta, da sasanta rikicin iyakar gona. 'Yan'uwanmu masu karatu na Maraɗi da Damagaram sun san wannan tsari, da yawan takardu da hatimi da yake tafe da shi.

Da yake aikinmu koyarwa ne, makarantar ƙauye ce ta fi ɗaukar hankalinmu. Tun 2019 tilas ne yaro ya fara karatu yana da shekara 3. A ƙaramin ƙauye aji ɗaya yakan haɗa yara masu shekaru dabam dabam a hannun malama ɗaya, wani wuri kuwa ƙauyuka biyu ko uku sukan haɗa kai, ƙananan aji a nan, manya a can, mota tana kai da kawowa. Yawanci ba a sa rigar makaranta. Ana koyar da rubutun hannu mai haɗe-haɗe a takarda mai ƙananan layuka, ana shifta, ana haddar waƙoƙi a tashi a karanta gaban aji. Da rana yara sukan zauna a tebur a ba su abinci kashi uku ko huɗu bi da bi, ba gaggawa.

Cikin wannan aji ake kawo yaron Ingila wanda bai san kalma goma ta Faransanci ba. Makonnin fari kuka ne, ko shiru, wanda ya fi kuka nauyi. Mu da muka taɓa karɓar yaro daga ƙauyen da ba a jin Hausa ko Turanci, muka zaunar da shi a benci yana kallon bakinmu, mun san wannan fuska. Ƙaramin yaro, mai shekara biyar ko shida, kafin shekara ta kewayo yakan kama harshen a filin wasa, har da karin maganar mutanen kudu. Wanda aka kawo yana da sha uku ko sha huɗu, shi ne abin tausayi. An raba shi da abokansa, ga lissafi da tarihi da kimiyya duk cikin harshen da ba ya ji, ga jarrabawa tana matsowa. A ganinmu, iyayen da suka yi ƙaura da yaro a wannan shekaru domin sha'awar gidan dutse, shi suka sa ya biya rabin kuɗin gidan.

Akwai kuma abin da yake ba iyayen mamaki. A Ingila doka ta ce makarantar gwamnati ta yi taron sujada, ta kuma koyar da addini, ga wasan haihuwar Yesu lokacin Kirsimeti. A makarantar gwamnatin Faransa babu ko ɗaya. Tun 1882 aka fitar da koyarwar addini daga aji, a 1905 aka raba ikkilisiya da gwamnati, a 2004 kuma aka hana ɗalibai sa alamar addini mai fitowa fili, ko ta wane addini ce. Amma dokar 1882 ta bar rana ɗaya a mako ba makaranta, domin iyayen da suke so su kai yara koyon addini. Dā Alhamis ce, a 1972 aka mai da ita Laraba. Har yanzu a yawancin ƙauyuka ƙananan yara suna gida ran Laraba, ko da yake ƙwallo da kiɗa sun cinye yawancin ranar. Duk abin da iyaye suke so yaro ya sani na bangaskiya, nauyin yana wuyansu.

Bayan shekara biyu sai gida ya juye. Yarinya mai shekara tara ita ce take amsa waya, ita take karanta wasiƙar haraji, ita take tsayawa tsakanin uwarta da malama, wani lokaci har tsakanin ubanta da likita. Uban da yake manaja a Ingila, mai mutane a ƙarƙashinsa, yanzu yana jiran 'yarsa ta gaya masa abin da mai gyaran famfo ya ce, ita kuwa tana jin kunyar yadda yake karya harshe gaban ƙawayenta. Yaran sukan yi Turanci da iyaye, su yi Faransanci a junansu. In an kai su Ingila hutu, baƙi ne. Da sun gama sakandare kuma sai su bi hanyar da 'ya'yan manoma suka bi tun dā, su tafi Bordeaux ko Toulouse ko Paris, su bar tsofaffi biyu a babban gida.

Maganar abin zaman gari gajeriya ce, gama aiki ya yi ƙaranci a karkara. Wanda ba ya jin harshe, ko dai ya gyara rumbu ya mai da shi masaukin 'yan hutu, ko ya yi wa 'yan'uwansa gini da yankan ciyawa, ko ya yi aikin ofis ta intanet. Masu fensho kuwa da fam ake biyansu, da yuro suke cefane. A tsakiyar 2007 fam ɗaya yana kawo kusan yuro 1.50. A ƙarshen 2008 da ƙyar ya wuce yuro 1. Mutum bai yi laifin kome ba, kusan sulusin abincinsa ya tafi. Da yawa suka sa gida a kasuwa, ba mai saye.

Ba dukansu ne suka shiga gari ba. Akwai waɗanda suka yi shekara ashirin ba su iya haɗa jimla ba. Talabijin ta Ingila suke kallo, magininsu Bature, mai askinsu Bature, abokan hirarsu Turawa. Ba mu ga abin zargi ga baƙo ya nemi ɗan'uwansa ba, Bahaushe ma in ya sauka Kumasi zango yake tambaya. Amma ɗan zango yakan fita ya koyi harshen kasuwa, gama cikinsa yana hannun masu gari. Baturen da fenshonsa yake zuwa daga ƙetare ba abin da ya tilasta shi, shi ya sa zangonsa ya fi namu kauri. Faransawa kuwa ra'ayinsu biyu ne. Waɗansu suna gunaguni cewa baƙi sun sa gidaje tsada har ɗan gari ba ya iya saye. Waɗansu sun lura cewa in yara suka yi kaɗan hukuma takan rufe aji, iyali ɗaya mai yara uku kuwa ya isa ya cece shi. Kangon da ya kusa faɗuwa an ɗaga shi, mai burodi ya sami ciniki. Daga 2001 baƙi 'yan Tarayyar Turai suna jefa ƙuri'a a zaɓen ƙaramar hukuma, suna kuma iya zama kansila, ko da yake ba su zama magajin gari. Ingilishi ɗaruruwa suka shiga majalisun ƙauyuka. Ran 11 ga Nuwamba, sa'ad da ake taruwa gaban dutsen tunawa, sukan zo da jan furensu a ƙirji su tsaya kusa da Faransawa masu shuɗi, gama kakanninsu a fage ɗaya suka faɗi.

Sai ga ƙuri'ar 23 ga Yuni, 2016, wadda Birtaniya ta zaɓi fita daga Tarayyar Turai. Waɗanda suka fi shekara 15 a waje ba a ma bar su sun jefa ba, sai a 2024 aka soke wannan ƙa'ida. Fitar ta tabbata ran 31 ga Janairu, 2020. Mutumin da ya shigo da fasfo kawai, ya yi gida ya haifi 'ya'ya, sai ya wayi gari yana neman katin izinin zama a ofishin lardi, da takardun shaidar cewa lalle a nan yake. Waɗanda suka riga suka zauna an ba su katin, amma ƙuri'ar ƙauye ta tafi. A zaɓen 2020 kansilolin nan ba su iya sake tsayawa ba, sai wanda ya riga ya zama ɗan ƙasa, zama ɗan ƙasa kuwa sai an ci jarrabawar Faransanci. Sabon mai zuwa yanzu, kwana 90 kawai yake da su cikin kowane 180, in ya fi haka sai biza da shaidar yana da abin riƙe kansa. Ƙaurar ba ta tsaya ba, amma matashin magini mai mota ɗaya da yara biyu ba ya iya tasowa haka kawai kamar dā.

Ran Lahadi majami'ar ƙauye sau da yawa a kulle take. Ginin, in an yi shi kafin 1905, na ƙaramar hukuma ne, ita take gyaran rufinsa. Fada ɗaya yana kewaya ƙauyuka da yawa, sujada takan zo wa kowane bi da bi. Kiristan Ingila da yake son sujada da harshensa yakan tuƙa mota mil da yawa zuwa inda 'yan Angilikan suke taruwa, kamar a Limeuil, cikin majami'ar da Katolika suka ba su aro. Yankin Bergerac dā cibiyar Furotesta ce. Bayan sarkin Faransa ya hana addininsu a 1685, dubban Furotestan ƙasar suka gudu, da yawa zuwa Ingila. Mun ga masu sujada yawancinsu masu furfura ne, bayan an tashi kuma ba mai gaggawar tafiya. A kan shayi ne ake jin wanda yake asibiti, da wanda yake bukatar a kai shi, da wadda mijinta ya rasu.

Gama waɗanda suka zo da ƙarfinsu shekara ashirin ko talatin da suka wuce yanzu sun tsufa. Asibitin Faransa yana da kyau, sukan yabe shi, ko da yake ba kamar na gida ba ne: a nan kakan biya likita, inshorar gwamnati ta mayar maka da kashi 70 cikin ɗari, sauran sai ka yi wata inshora. Amma likitoci sun yi ƙaranci a karkara, ba mota kuwa ba zuwa ko'ina. In wanda yake tuƙi kuma yake jin Faransanci shi ya riga mutuwa, wadda ta rage tana cikin wahala. Mantuwar tsufa kuma takan fara cinye harshen da aka koya daga baya, har tsohuwa ta zauna a gidan kula da tsofaffi ba ta gane masu yi mata hidima. Waɗansu sukan sayar su koma wurin 'ya'ya, su tarar kuɗin babban gidan dutse bai isa sayen ɗaki biyu a Ingila ba.

Waɗansu kuwa sun yanke shawara ba za su koma ba. Duk wanda yake zaune a ƙauye doka ta ba shi iko a binne shi a makabartarsa, ko ɗan wace ƙasa ne. Akan je ofishin magajin gari a biya kuɗin wuri, na shekara 30 ko 50. Ran 1 ga Nuwamba Faransawa sukan share kaburburan danginsu su jera tukwanen wani fure na kaka wanda a wurinsu na matattu ne. A Ingila furen ado ne kawai, sabon zuwa kuwa yakan kai wa maƙwabciya shi kyauta kafin a ja shi gefe a gaya masa. A makabartun ƙauyukan Dordogne yanzu akwai sunayen Ingilishi tsakanin na Faransawa. In 'ya'yan suna ƙetaren teku, wani lokaci maƙwabciyar ce takan kawo tukunyar furen.